Shin kuɗin makamai ne ke haifar da fasaha?

Wani ɗalibi mai karatun injiniyan lantarki, daga cikin Hausawan Jidda, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. A majalisarmu ta bayan isha'i an yi gardama. Wasu sun ce intanet da GPS da jirgin jet duk daga aljihun soja suka fito, don haka biliyoyin da Saudiyya ke kashewa a kan tsaro su ma za su haifi fasaha. Wasu kuma sun ce kuɗi ne kawai ke tafiya Amurka da Turai. Wa ke da gaskiya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare ya kama wani abu na gaskiya, amma na biyun ya fi kusa da ita idan ana maganar shekaru arba'in da suka wuce. Abin da ya rikita majalisarku shi ne an haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya, wato "kuɗin tsaro". Kasafin ma'aikatar tsaro na kowace ƙasa yana rabuwa gida huɗu: albashi da fansho, gudanarwa da gyara (mai, safaya, atisaye), sayen makamai, sai bincike da ƙirƙira. Na huɗun nan, tare da wani yanki na na uku, su kaɗai ne suka taɓa haifar da sabuwar fasaha. Ko a Amurka, inda kasafin tsaron 2024 ya haura dala biliyan 800, abin da aka ware wa bincike da gwaji bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma binciken tushe, wanda ake yi a jami'o'i ba tare da an san me zai haifar ba, bai wuce dala biliyan 3 ba. Hukumar DARPA, mai kula da binciken sabuwar fasaha a ma'aikatar tsaron Amurka, da ake ta ambato tana kashe kusan dala biliyan 4 a shekara. Ba ta da ɗakin gwaji nata. Tana da manajojin shiri kusan 100 da ake ɗauka na shekara uku zuwa biyar, su raba kwangila ga jami'o'i da kamfanoni, su soke wadda ta gaza.

Hanya mafi tsufa da soja ya ciyar da fasaha gaba ita ce ta dagewa a kan daidaiton awo. Kafin ƙarni na 19, kowace bindiga maƙeri ɗaya ke ƙera ta, ya goge kowane sashe da magagari har ya zauna. In kunamarta ta karye a fagen fama, ta wata bindigar ba za ta shiga ba. A 1798 gwamnatin Amurka ta bai wa Eli Whitney kwangilar bindiga 10,000 da za a kawo cikin kimanin shekara biyu. Sai 1809 ya gama, kuma sassan bindigoginsa ba sa musanyuwa da juna yadda aka yi ta yayatawa. Wanda ya cim ma abin shi ne John Hall, a masana'antar gwamnati ta Harpers Ferry, bayan kwangilar da aka ba shi a 1819. Dabararsa ita ce ma'auni: kowane sashe yana da ƙarfen awo nasa, injin yanka yana da mariƙin da ke kafe ƙarfe a wuri ɗaya kullum, sashen da bai shiga ma'auni ba kuma a jefar da shi. A farko wannan hanya ta fi aikin hannu tsada, shi ya sa babu ɗan kasuwar da zai fara ta. Gwamnati ta ɗauki asarar shekaru da dama, sannan ma'aikatan da suka koyi aikin suka watsu zuwa masana'antun keken ɗinki, da keken hawa, daga baya mota. Ilimin ya fita ne a cikin kawunan mutane da injinan yanka ƙarfe. Ita bindigar kanta ba ta koya wa kowa komai ba.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowacce ƙarfi, ita ce soja ya zama mai saye na farko. Tiranzista ba soja ya ƙirƙiro ta ba. A ɗakin binciken Bell na kamfanin tarho aka samo ta a 1947. Haka 'yar ƙwayar nan mai ɗauke da da'irar lantarki gaba ɗaya, wadda muke kira cif: Jack Kilby ya yi ta a Texas Instruments a 1958, Robert Noyce ya yi tasa a Fairchild a 1959. Matsalar ita ce tsada. A 1962 matsakaicin farashin cif ɗaya dala 50 ne, babu mai haɗa rediyo da zai saya. Amma mai ƙera makami mai linzami yana auna nauyi da giram, domin duk kilo ɗaya da aka rage a kan makamin yana rage man da zai ɗaga shi da yawa. Saboda haka rundunar sojan sama ta saka cif a makamin Minuteman II, hukumar NASA kuma, wadda ta farar hula ce, ta saka shi a kwamfutar kumbon Apollo. A 1962 kusan duk abin da aka ƙera gwamnati ce ta saye. Yawan odar ya sa masana'antu suka gano inda ƙura da datti ke lalata musu kaya, adadin cif masu kyau da ke fita daga kowane faifan silikon ya ƙaru, farashi ya faɗi zuwa dala 2.33 a 1968. A shekarar nan rabon gwamnati a kasuwar ya sauko zuwa kashi 37 cikin ɗari. Saukowar nan ita ce alamar nasara, domin kasuwa ta karɓi jaririn daga hannun ungozoma.

Akwai sharuɗɗa biyu da suka sa hakan ta yiwu, kuma ba kasafai ake faɗarsu ba. Ma'aikatar tsaro tana tilasta wa mai kwangila ya koya wa kamfani na biyu yadda ake ƙera kayan, don kada ta dogara da hannu ɗaya. Sannan a 1956 shari'ar hana babakere ta tilasta wa kamfanin AT&T, mai ɗakin binciken Bell, ya ba da lasisin fasahohinsa ga masu nema. Ilimi ya yaɗu, ƙananan kamfanoni suka samu ƙofa.

Intanet kuwa labarinta ya sha ƙari. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a Oktoban 1957, Amurka ta kafa ARPA, wadda daga baya ta zama DARPA, a 1958. Hanyar sadarwar ARPANET ta fara aiki ranar 29 ga Oktoba 1969, tsakanin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da cibiyar bincike ta Stanford. Manufar farko ita ce masu bincike su riƙa amfani da kwamfutocin juna, domin kwamfuta a lokacin tsada gare ta. Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da TCP, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen musayar saƙo, a 1974, aka koma kan TCP/IP ranar 1 ga Janairu 1983, a shekarar kuma aka cire sashen soja aka ware shi daban. Daga nan hukumar kimiyya ta farar hula ta ɗauki nauyin haɗa jami'o'i. Shafukan yanar gizo da kake buɗewa a waya, Tim Berners-Lee ne ya tsara su a 1989 a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da Janeba, wadda ba ruwanta da aikin soja, kuma a 1993 CERN ta sake su kyauta. Kuɗin soja ya dasa tushen, wannan gaskiya ne. Abin da ya sa ya girma shi ne ƙa'idojin a buɗe suke, ɗaliban jami'a ne suka rubuta yawancinsu, kowa na iya karantawa ya gina nasa.

GPS ya fi sauran zama ɗan soja na asali, kuma wani babi na tarihinsa a nan ƙasar aka rubuta shi. An amince da shirin a 1973, tauraro na farko ya tashi a 1978. Taurarin suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne da agogon atom. Na'urar hannunka tana auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga taurari huɗu aƙalla, uku don gano wuri, na huɗu don gyara kuskuren agogonta mai araha. Bayan sojan Sobiyet sun harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya a Satumban 1983, mutum 269 suka mutu, Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe tsarin ga farar hula. Amma an riƙa gurɓata saƙon da gangan, kuskuren ya kai mita 100. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, dakarun da aka jibge a hamadar arewa maso gabashin Saudiyya ba su da isassun na'urorin soja, dole aka sayo na kasuwa daga kamfanonin Trimble da Magellan, aka kuma dakatar da gurɓatawar na ɗan lokaci don su yi aiki daidai. An daina gurɓatawar gaba ɗaya a watan Mayun 2000. Bayan wannan ne taswirar waya, da motar haya ta manhaja, da mai kawo maka abinci har ƙofar gida a unguwannin Jidda suka zama abin yi. Shekara 27 ke nan daga amincewa da shirin zuwa ranar da ɗan kasuwa ya iya gina sana'a a kansa.

Jirgin jet ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanin Boeing ya koyi fiffike mai lanƙwasa baya a jirgin yaƙi na B-47, ya gina samfuri ɗaya a 1954 wanda ya haifi jirgin dakon mai na soja KC-135 da jirgin fasinja 707. Tafiyar da kakanninmu suka yi a ƙasa ta Chadi da Sudan har Sawakin, wani shekara biyu wani shekara bakwai, yau daga Kano zuwa Jidda awa huɗu ce da wani abu.

To, ga ɗaya fuskar, wadda masu cewa "yaƙi uwar ƙirƙira" ba sa son dubawa. Tarayyar Sobiyet ta zuba wa soja kaso mafi girma na arzikinta fiye da Amurka, tana da masana lissafi da kimiyyar lantarki na gaban kwatance, ta riga kowa zuwa sararin samaniya. Duk da haka ba ta haifi masana'antar kwamfuta ko ta kayan gida da duniya ke saye ba. An kulle masu bincike a garuruwan sirri, injiniyan masana'antar soja ba shi da ikon fita ya kafa nasa kamfani, ko injin kwafin takarda sai da izini. A ƙarshen shekarun 1960 ma hukuma ta yanke shawarar kwaikwayon kwamfutar IBM 360 maimakon ci gaba da zanensu na gida, suka zauna a bayan Amurka har ƙasar ta rushe. Ingila ta yi irin wannan asara a ƙaramin sikeli. A 1973 Clifford Cocks, ma'aikacin hukumar leƙen asirin sadarwa ta GCHQ, ya gano lissafin ɓoye saƙo da mabuɗi biyu, wanda yau ke tsare hada-hadar banki a waya. Aka rufe shi a matsayin sirri har 1997. A 1977 wasu malamai uku a jami'ar MIT suka gano shi da kansu, aka sa masa suna RSA, suka kafa kamfani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Japan kuma ta nuna cewa ana iya zuwa ba ta wannan hanya ba. Shekaru da dama kuɗin tsaronta yana wajen kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa. Kamfanin da ya zama Sony ya sayi lasisin tiranzista a kan dala 25,000, ya fitar da ƙaramar rediyo a 1955, ya nufi aljihun talaka. Injin yanka ƙarfe mai aiki da lambobi ma misali ne mai kyau. Rundunar sojan saman Amurka ce ta biya kuɗin ƙirƙiro shi, aka nuna na farko a MIT a 1952. Amma an tsara shi ne don sassan jirgin yaƙi masu wuyar siffa, ya zo da tsada da wahalar sarrafawa, ƙaramin maƙeri ba zai iya saye ba. Kamfanin Fanuc na Japan da abokansa suka yi mai sauƙi mai araha, zuwa shekarun 1980 sun ƙwace kasuwar. Wannan ita ce cutar da kuɗin soja ke sa wa kamfani: ya saba da mai saye ɗaya wanda ke neman ƙololuwar aiki ko nawa ne, kwangilar kuma ta "kuɗin da ka kashe da riba a kai" ce, don haka rage tsada ba ya ƙara masa komai. Ga kuma asarar da ba a gani: injiniyan da ya ƙare rayuwarsa a kan makami bai yi aikin famfon ruwa ko maganin zazzaɓi ba. Ba a kuma sa rayukan da yaƙe-yaƙen suka ci a wannan lissafi ba, kuma babu na'urar da za ta biya su.

Yau ma ruwan ya juya. A 1960 binciken tsaro na Amurka kaɗai ya kai kashi 36 cikin ɗari na duk kuɗin binciken duniya. Zuwa 2016 ya koma ƙasa da kashi 4. Tun 1994 sakataren tsaro William Perry ya umarci ma'aikatarsa ta riƙa sayen kayan kasuwa in dai za su yi aikin. Batir, kyamara, cif da manhajar ƙananan jirage marasa matuƙa daga masana'antar waya suka fito. Harin da aka kai wa wuraren man Aramco a Buƙaiƙ da Khurais ranar 14 ga Satumba 2019, wanda ya tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana na ɗan lokaci, ya nuna yadda makami mai araha ke iya ratsa tsaro mai tsadar gaske.

Yanzu mu dawo gida. Cibiyar SIPRI ta Suwidin, mai bin diddigin kuɗin makamai a duniya, ta ƙiyasta kuɗin sojan Saudiyya na 2023 a kan dala biliyan 75.8, cikin ƙasashe biyar na sama a duniya. Amma takardar Ru'uya 2030 da aka fitar a 2016 ta faɗa da kanta cewa kashi 2 cikin ɗari kacal ake kashewa a cikin gida. Idan ka sayi jirgin yaƙi irin F-15 ko Typhoon, cikin farashinsa akwai kuɗin binciken da aka riga aka yi da wanda za a yi nan gaba, kuma ɗakunan binciken suna Amurka da Ingila. A nan abokan gardamarka na biyu suka yi daidai.

Ba a zauna haka kawai ba. Masana'antun soja na Kharj sun fara aiki tun shekarun 1950. A tsakiyar shekarun 1980 aka kawo shirin Tawazun Iƙtisadi, wanda ke wajabta wa mai sayar da makami ya dawo da wani kaso a matsayin jari a cikin ƙasa. Kwangilar tsaron sararin sama ta Dir'us Salam da aka bai wa Boeing a 1985 ta zo da sharaɗin kashi 35 cikin ɗari, daga ita aka samu kamfanin gyaran jirage na Alsalam da kamfanin lantarki na AEC a Riyad a 1988. Yarjejeniyar Yamama da Ingila ta haifi ayyuka irin matatar sukari da masana'antar magani a nan Jidda. Ayyuka ne masu amfani, sun samar da aikin yi, amma matatar sukari ba ta koya wa kowa zana rada. A 2017 aka kafa kamfanin ƙera kayan soja na SAMI da hukumar GAMI mai kula da masana'antun soja, da burin kai tauɗin, wato mayar da aiki gida, zuwa kashi 50 nan da 2030. Hukumar ta ce a ƙarshen 2023 an haura kashi 19.

Idan ka ji irin wannan adadi, ka tambayi matakin da aikin yake. Matakin farko gyara ne da kula da kayan da aka sayo. Kada ka raina shi: kusan kashi biyu cikin uku na abin da jirgin yaƙi zai ci a tsawon rayuwarsa a nan yake tafiya, kuma nan ake horar da masu fasahar hannu. Na biyu haɗa sassan da aka kawo a akwati. Na uku ƙera sassan bisa lasisi. Na huɗu zana wani ɓangare da kanka, kamar rediyo ko na'urar hangen dare. Na biyar zana abin gaba ɗaya. Kuɗi na iya ƙirguwa a matsayin "na gida" tun a mataki na biyu, alhali sabuwar fasaha ba ta fara fitowa sai a na huɗu.

Yawancin ƙasashe tsakanin na biyu da na uku suke maƙalewa, kuma dalilan sanannu ne. Mai sayarwa zai ba ka zanen yadda za ka ƙera, ya riƙe bayanin dalilin da ya sa aka zana shi haka, don haka ba za ka iya canza ko ƙusa ɗaya ba. Asalin rubutun manhajar da ke tuƙa jirgi da rada ba a bayarwa, dokar fitar da makamai ta Amurka ma ta taƙaita abin da kamfani zai iya koyarwa. Yawan kayan ma matsala ne: layin da aka kafa don jirgi 70 zai tsaya in an gama, injiniyoyi su watse. Sannan ƙananan masana'antu na bayan fage, masu zuba ƙarfe, masu gasa shi ya yi tauri, masu shafe, masu ɗakin awo da ke tabbatar da ma'auni, in babu su da takardar shaidar inganci, kowane ƙaramin sashe sai an sake shigo da shi. Masana'antar DICON ta Kaduna, da aka kafa a 1964 da taimakon wani kamfanin Jamus, ta daɗe a kan ƙananan bindigogi da harsasai saboda irin waɗannan dalilai.

Waɗanda suka haye sun fara ne da makaranta. Brazil ta kafa kwalejin injiniyan jiragen sama ta ITA a 1950 a ƙarƙashin sojan sama, sai 1969 ta kafa kamfanin Embraer, bayan ta yaye injiniyoyi na shekaru masu yawa kuma sun riga sun tashi jirgin da suka zana. Embraer ya ƙera jirgin horo na Italiya bisa lasisi, ya yi haɗin gwiwar zana jirgin yaƙi na AMX, sannan ya kai wannan ilimi kan jiragen fasinja da yake sayarwa duniya. Turkiyya kuma takunkumin makaman da Amurka ta sa mata bayan rikicin Kubrus na 1974 ne ya tashe ta: ta kafa kamfanin lantarkin soja na ASELSAN a 1975, ta haɗa F-16 a gida daga shekarun 1980, jirginta marar matuƙi Bayraktar TB2 ya tashi a 2014. Shekara kusan arba'in ke nan. A Yulin 2023, a nan Jidda, Saudiyya ta sa hannu a kan sayen jirgi marar matuƙi Akinci daga kamfanin Baykar na Turkiyya, tare da yarjejeniyar ƙera wani ɓangarensa a cikin ƙasa.

Saboda haka in gardamar ta sake tashi, ka bar jimillar kasafin, ka nemi abu huɗu. Nawa ne ke zuwa bincike a cibiyar kimiyya ta KACST da jami'ar KAUST da jami'ar man fetur ta Zahran? Wa ke da mallakar zane da manhajar abin da aka ƙera? Ƙaramin kamfani mai mutum ashirin zai iya cin kwangila kuma a biya shi a kan lokaci? Injiniyan da ya koyi aiki a SAMI yana da damar fita ya sayar wa Aramco ko kamfanin lantarki abin da ya koya? A fannoni kuwa, inda nake ganin dama ta gaske shi ne inda buƙatar soja ta haɗu da ta ƙasar: lantarkin da ke jure zafin da ya haura digiri 50 da ƙurar hamada, gano ƙananan jirage marasa matuƙa a kusa da matatun mai da filayen jirgi, tsaron hanyoyin kwamfuta na masana'antu, da sarrafa hoton tauraron ɗan'adam. Kai da kake karatun lantarki, ka sani aikin da ya shafi sirrin soja galibi ana keɓe shi ga 'yan ƙasa masu takardar tantancewa. In iƙama gare ka, ka ƙarfafa sarrafa sigina, da zanen da'irar rediyo, da rubuta manhajar ƙananan na'urori, domin ilimi ɗaya ne da ake nema a kamfanonin sadarwa, da na mai, da tashoshin tace ruwan teku irin na Shu'aiba da Jubail.